Sana'a da Gida: Takardar Direban Mota Mai Dogon Hannu

 

Ran Asabar ɗin da ta wuce muna zaune gindin darbejiyar makaranta muna duba littattafan lissafin 'yan aji shida, sai ga wani dattijo ya yi sallama. Mun san shi, gama ɗansa na biyu a hannunmu ya yi karatu. Yaron yanzu ya zama saurayi, yana aikin lebura a wani wurin gini a Abuja. Bayan mun gaisa, dattijon ya gyara zama ya ce, "Malam, shawara ce ta kawo ni. Yaronku ya bugo waya, wai ya iya tuƙa wata mota mai ɗaga kaya, amma ba za a ba shi ita ba sai da takarda. Wai akwai wani mutum da zai samo masa takardar cikin kwana uku. Ba sai ya je ko'ina ba, hoto biyu ne kawai da kuɗi. Ni kuwa ba ni da kuɗin, sai dai in sayar da bijimi ɗaya cikin biyun da nake huɗa da su. Ku da kuka yi karatu, me kuka gani?"

Muka ce, "Baba, kada ku kai bijimin kasuwa tukuna." Muka daɗe muna zance. Da ya tafi muka ga ya kamata mu kawo maganar a wannan shafi, gama ba gidansa kaɗai ba ne ake bugo irin wannan waya.

WACE IRIN MOTA CE?

Turawa suna kiranta telehandla. Mu dai bari mu ce mota mai dogon hannu. Tana da manyan tayoyi huɗu kamar na tarakta, da ɗakin direba a gefen hagu, da hannu guda na ƙarfe wanda ya taso daga baya ya bi ta daman direba ya miƙe gaba. Hannun nan gaɓa-gaɓa ne, wata cikin wata, kamar eriyar rediyo. Ƙarfin mai ne yake tura shi ya fito, ya kuma janye shi. A bakinsa akwai yatsu biyu na ƙarfe da ake zura wa kaya. Ana iya cire su a sa bokitin kwasar yashi ko ƙugiya. Da ita ake kai bulo da siminti da kwanon rufi hawa na uku ko na huɗu, aikin da lebura ashirin za su wuni suna yi da kai. A Turai manoma ma suna ɗaukar ciyawa da taki da ita.

Tarihinta ba shi da nisa. A 1958 wani Bafaranshe, Marcel Braud, ya juya tarakta ya ɗora mata abin ɗaga kaya don ta yi aiki a ƙasa marar kwalta, daga nan sunan Manitou ya fito. A 1977 kamfanin JCB na Ingila ya fito da tasa mai hannun da ke miƙewa, ya sa mata suna Loadall. Kamfanin Merlo na Italiya ya biyo baya a 1981. Yau irin wadda aka fi gani a manyan wuraren gini tana ɗaukar wajen tan 4, hannunta kuma yana kaiwa wajen mita 17 sama.

LISSAFIN DA YAKE CETON RAI

To, me ya sa wanda ya iya tuƙi ba za a ba shi makulli ba? Domin tuƙi shi ne ƙaramin abu cikin aikin. Bari mu nuna muku yadda muke nuna wa 'yan aji.

Ku cika bokiti da ruwa ku rungume shi a ƙirji. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu za ta iya. Yanzu ku miƙe hannu sosai da bokitin nan. Ko ƙato ba ya jimawa sai ya karkata gaba. Ruwan bai ƙaru ba, nisa ne ya ƙaru. Haka motar nan take. Tayoyinta na gaba kamar turmi ne da aka gitta wa katako. Nauyin injin yana baya, kaya suna gaba. Duk lokacin da hannu ya miƙe, kayan suna ƙara rinjaye.

Ga lissafin. Buhun siminti kilo 50 ne, buhu 40 kuwa tan 2 ke nan. Buhu 40 a nisan mita 2 daga tayar gaba, rinjayensu daidai yake da na buhu 20 a mita 4, daidai kuma da na buhu 10 a mita 8. Ban da haka, shi kansa hannun ƙarfe ne mai nauyi, yana fita yana ƙara wa gaba nauyi. Saboda haka motar da aka rubuta mata tan 4, in ta miƙe hannunta duka gaba, ko tan 1 ba za ta iya riƙewa ba. Wanda bai san wannan ba zai ɗauki buhu 40 a ƙasa lafiya lau, ya ɗaga, ya miƙa wa magina a kan bene, sai ya ji tayoyin baya sun bar ƙasa. Daga nan ba sauran dabara.

Domin wannan ne ake manna wani zane a ɗakin direba, wanda yake nuna iyakar nauyin da za a ɗauka a kowane tsawo da kowane nisa. Zanen yana sakewa in an kafa ƙafafun tokara biyu da ke gaban motar, yana kuma sakewa in an cire yatsu an sa ƙugiya. Sababbin motoci suna da na'ura mai fitila da ƙara, tana gargaɗi in gaba ya fara rinjaya, har ma ta hana hannu ƙara fita. Amma na'urar nan faɗuwar gaba take tsaro, ba ta san faɗuwar gefe ba. Tayoyin baya a kan ƙarfe guda suke wanda yake lilo a tsakiya, don motar ta iya bin gargada. Watau ko da yake ƙafa huɗu gare ta, tsayuwarta kamar ta murhu ce mai duwatsu uku. In hannu yana sama, ƙasa kuma ta ɗan karkata, ko taya ɗaya ta faɗa rami, ko iska ta ragu a taya, sai ta kife a gefe, ko da babu kaya a bakinta.

Akwai sauran abubuwa da malamin kirki yake koyarwa, waɗanda ba a tsintarsu da kallo. Ana tafiya da hannu a janye, kaya kusa da ƙasa. In da kaya a kan gangare, kayan su fuskanci tudu, ko ana hawa ko ana sauka. Gefen dama makaho ne, gama hannu yana tare ido, shi ya sa ake bukatar madubai masu kyau da mutum a ƙasa mai ba da alama. Gilashin da ke tsakanin direba da hannu ba ado ba ne. An sha samun direbobin da suka leƙa ta wurin bayan gilashin ya fashe, jikinsu ya taɓa sandar sarrafawa, hannu ya sauko ya matse su har lahira. Wayar lantarki ba sai an taɓa ta ba, wutar tana iya tsallakowa. A Amurka ba a yarda a kusanci waya mai ƙarfin da bai wuce bolt 50,000 ba da ƙasa da ƙafa 10, watau wajen mita 3. Ba a ɗaga mutum a tsaye kan yatsun ƙarfe. Ba a laluben yoyon tiyo da hannu, gama man da ke ciki yana iya huda fata. In kuwa motar ta fara kifewa, direba ya zauna da bel ɗinsa a ɗaure, ya riƙe sitiyari, kada ya yi tsalle. Ɗakin an ƙera shi don ya jure faɗuwa, mai tsalle kuwa shi motar take dannewa.

Mun sha jin ana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma duk abin da muka lissafta a nan an san dalilinsa, an kuma san maganinsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

YADDA AKE SAMUN TAKARDAR GASKIYA

Bari mu ɗauki Ingila, gama tsarinsu a bayyane yake, sunan takardarsu kuma shi 'yan damfara suka fi ambata. Sanannen tsarin can shi ne CPCS, wanda aka kafa a 2003. Akwai kuma wani mai suna NPORS. Ga matakan CPCS.

Da fari, mutum zai ci jarrabawar kiyaye lafiya a wurin gini, ta hukumar CITB. A kan kwamfuta ake yinta, tambaya 50 cikin minti 45.

Na biyu, koyo. Sabon shiga yakan yi kwana huɗu ko biyar tare da malami, wani sashi a aji, wani a kan motar.

Na uku, jarrabawar sani. Da baki ake yinta. Mai jarrabawa yana tambaya, ɗalibi yana amsawa, ana ɗaukar muryarsu. Sai ya sami 80 cikin 100 ya ci.

Na huɗu, jarrabawar aiki. Zai zagaya motar ya duba tayoyi da mai da tiyo da yatsu da madubai da birki. Zai bi matsattsiyar hanya gaba da baya. Zai karanta zanen nauyi, ya ɗauki kaya, ya ajiye su sama a kan dandamali, ya sauko da su, ya ajiye motar yadda ya kamata.

In ya ci, sai a ba shi jan kati. Jan katin nan shekara 2 yake yi, ma'anarsa kuwa an koya wa mutumin nan, amma bai goge ba tukuna. Cikin shekarun nan zai yi aiki, mai dubawa ya zo har wurin aikinsa ya gani da idonsa, ya sami takardar ƙwarewa da suke kira NVQ. Sa'an nan ne za a ba shi shuɗin kati, mai shekara 5, wanda shi ma sai an sabunta. Har wa yau katin yana faɗin irin motar. Wanda aka jarraba a kan ƙaramar da ba ta wuce mita 9 ba, ba shi da izinin hawa babba. Ɗaukar kayan da ke reto a ƙugiya jarrabawarsa dabam, motar da samanta yake juyawa ita ma tata dabam. Ita kanta motar, dokar Ingila ta 1998 ta ce gwani ya bincike ta sosai kowane wata 12, in kuwa ana ɗaga mutane da ita cikin keji, kowane wata 6.

A Amurka gwamnati ba ta ba da lasin wannan aiki. Hukumar OSHA ta ɗora nauyin a kan mai ba da aiki. Dole ya tabbata an koya wa direba a aji, an koya masa a kan mota, an kuma gwada shi a wurin da zai yi aikin. Za a rubuta sunansa da rana da sunan wanda ya gwada shi, a sake gwaji aƙalla kowace shekara 3, ko kuwa nan da nan in ya yi haɗari. Wanda bai cika shekara 18 ba ba ya hawa. A Faransa takardar CACES ake nema, ta wannan mota tana yin shekara 10, duk da haka sai likita ya duba mutum, mai aikin kuma ya ba shi izini a rubuce.

Ƙasa uku, hanya uku, amma ku lura da abin da ya haɗa su. Ko'ina sai wani gwani ya tsaya ya ga mutum a kan motar da idonsa. Ko'ina kuma takardar tana da ranar ƙarewa. Takardar da ake samu da hoto biyu cikin kwana uku, ba a ga mota ba, ba a ga malami ba, ba ta ƙasar kowa ba ce.

A GIDA FA?

Lasin tuƙi da hukumar kiyaye haɗura take bayarwa shaida ce ta tuƙi a kan titi, ba ta ce kome ba game da ɗaga kaya. A Nijeriya Dokar Masana'antu ta 1987 ta sa a riƙa binciken injunan ɗaga kaya, Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ce kuma take da masu dubawa. Akwai hukumar ITF ta horar da ma'aikata, wadda aka kafa a 1971, hedkwatarta tana Jos. Akwai NBTE mai kula da ilimin sana'a, wadda aka kafa a 1977. Akwai kuma makarantu masu zaman kansu da suke koyar da tuƙin manyan injuna, waɗansu na kirki, waɗansu allo ne kawai a bakin shago. Tambaya a ofisoshin nan ba ta cin bijimi, kuɗin mota ne kawai.

Kafin a biya ko kwabo, ga tambayoyi shida da muke ba iyaye da samari.

1. A fara zuwa wurin mai ba da aikin a tambaye shi, takardar wa kuke karɓa? Manyan kamfanoni sukan faɗa, waɗansu ma su suke tura yaransu koyo.
2. Makarantar tana da motar? A je a gan ta tana aiki. Kada a yarda da hoto a waya.
3. Awa nawa kowane ɗalibi zai yi a kan kujera, ɗalibi nawa ne kuma ga mota ɗaya?
4. Za a koyar da karatun zanen nauyi?
5. Wa yake jarrabawa, akwai kuma wanda ya taɓa faɗuwa? Makarantar da kowa yake ci kasuwa ce.
6. Takardar tana da lamba da rana da irin motar, da wurin da mai aiki zai tuntuɓa ya tabbatar?

Masu niyyar fita waje kuma su sani, katin Ingila sai an je da kai cibiyar da aka amince da ita ake jarrabawarsa, mai aiki kuma yana iya duba lambarsa ta intanet nan take. Wanda ya ce zai aiko muku da shi a ambulan, kuɗinku yake so. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

WA TAKARDAR ƘARYA TAKE CUTA?

Wani zai ce, ai yaron ya riga ya iya, takardar cika ƙa'ida ce kawai, wa aka cuta? Mun yi wa dattijon nan wannan tambaya. Muka ce, "Baba, da yaronku yake lebura, a ina yake tsayawa sa'ad da ake miƙa bulo sama?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "A ƙasa, Malam." Muka ce, to, ran da ya hau motar, ɗan wani ne zai tsaya a inda yake tsayawa. Takardar nan alkawari ce ga wannan yaro da uwarsa, cewa wanda ke riƙe da tan 2 a bisa kansa an gwada shi. Mai takardar ƙarya ya yi alkawarin da bai san yadda zai cika ba. Ran da abu ya faru kuma, mutumin da ya sayar masa da ita ba za a gan shi ba. Direba ne zai tsaya gaban 'yan sanda, gidansu kuma ya rasa bijimi, ya rasa aiki, ya rasa suna.

Mu malamai ma akwai namu a ciki. Yaron da muka bari ya wuce aji shida bai iya sau da rabawa ba, bai iya karanta jadawali ba, zanen nauyi zai gagare shi ko da ya fi kowa iya sitiyari. Iyaye, in yaro ya ce muku lissafi ba shi da amfani ga mai aikin hannu, ku ba shi lissafin buhu 40 da ke sama ya yi.

Da yamma dattijon ya dawo, muka kira saurayin a waya. Muka tambaye shi, "Motar da kake hawa in oga ya tafi cin abinci, nawa take ɗauka in ta miƙe hannu duka?" Ya ce, "Tan huɗu, Malam, a jikinta aka rubuta." Muka ce ya je gobe ya dubi zanen da ke cikin ɗakin direba, ya sake kiranmu. Washegari ya kira, muryarsa ta yi sanyi. Ya ce, "Malam, ashe ban san ta ba."

Ga shawarar da aka tsayar. Bijimi yana nan a turkensa. Saurayin ba zai ƙara hawa motar a ɓoye ba. Zai je wurin shugaban aikinsu ya roƙa a sa shi mai ba direba alama daga ƙasa, gama a nan ake koyon rabin aikin, ya kuma tambaya wace makaranta kamfanin ya amince da ita. Zai shiga adashe da abokan aikinsa, babansa kuma ya ƙara masa da kuɗin waken soya in an sayar. Zai ɗauki watanni, mai yiwuwa ma wani ya riga shi samun kujerar da yake hange. Ba mu ɓoye masa wannan ba. Amma sannu ba ta hana zuwa.

In akwai mai karatu da yake wannan aiki, ko a Abuja, ko a Legas, ko a Fatakwal, ya rubuto mana yadda ya sami tasa takardar da abin da aka gwada shi a kai, domin samarinmu su ƙaru. A wata mai zuwa za mu yi zancen aikin walda, da abin da hasken nan yake yi wa idon yaron da aka bari yana kallo ba tabarau.

Sai mun sake saduwa. Ku huta lafiya.